Fitilar da na kai wa Inna

Robar wanki ce ta ja mana, wata babba shuɗiya, kuma ni na sayo ta, ni na kawo dabarar. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce na ɓoye laifina a bayan na wasu.

A lokacin shekarata ta uku ke nan ina shugabar tebur a wani ƙaramin atiliye da ke bayan tasha a nan Matameye, inda muke haɗa fitilun da ake cajawa da rana. Ba mu muke ƙera komai ba. Kamfanin yana Damagaram, kayan kuwa daga nesa suke tahowa, su sauka Kano, su biyo hanyar Ɗan Barto cikin kwalaye: gidan fitila daban, gilashin shan rana daban, ɗan katin da ke ɗauke da ƙwayayen haske daban, batir daban. Mu mata biyar ne a tebur ɗaya. Aikinmu mu liƙa wayoyi biyu da dalma, mu sa batir, mu ɗaure sukurori huɗu, mu danna mu ga ta kawo wuta, sai a jera. Alhajin da ke riƙe da atiliyen shi ke rarraba wa masu shaguna da ƴan kasuwa.

Batir ɗin a ƙananan kwalaye yake zuwa, kowane ɗaya a ɗan gurbinsa, an naɗe shi da leda shuɗiya, duk kamarsu ɗaya. Ciro su ɗaya-ɗaya yana cin lokaci, ga matan kullum cikin miƙo mini, ba ni nawa, wa ya ɗauke kwalina. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba, kowa a unguwarmu shaida ne. Ran nan na gaji, na ce a farke kwalayen duka a juye a roba, a ajiye tsakiyar tebur kamar gyaɗar ɓara, kowa ta miƙa hannu ta ɗauka. Aiki ya yi gudu. Alhaji har yabo ya yi, ya ce kaina yana ja. Kwalayen kuwa ba sa kwana a atiliye, matan ke kwashewa: wata ta yi wa kazarta wurin kwanci, wata ta shimfiɗa a ƙarƙashin katifa, wata ta hura wuta da su.

Daga cikin fitilun da muka haɗa da kayan da suka zo a farkon bazara na sayi ɗaya na kai wa surukata a Dawce. Inna muke ce mata. Idonta ya fara rauni, ƴar tocilan ɗinta kuma kullum batir ya mutu. Shekara goma sha huɗu ina auren ɗanta, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa ɗaga ido na kalli tsakiyar fuskarta ba. Ni da nake yi wa direbobin tasha tsawa, in na shiga gidan nan muryata sai an kasa kunne. Da na durƙusa na ajiye fitilar a gabanta, ta juya ta, ta danna, ta sa albarka har sai da na ji kunya. Kafin in bar garin an kira maƙwabta uku sun zo gani.

Bayan kamar mako biyar, wata safiya muna cikin aiki, injiniyan kamfani ya bugo wa Alhaji waya daga Damagaram. Alhaji ya saurara kaɗan, fuskarsa ta canja, ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a kan teburinmu. Injiniyan ya ce masana'antar da ke yin batir ta aiko da saƙo: a cikin kayan da aka turo mana akwai wani zubi da ya fita da lahani, in yana caji a rana mai zafi yana iya kumbura ya kama da wuta. Kwali uku ne a cikin tara. Ya ce abin da sauƙi, lambar zubin tana jikin kwali, mu duba mu ware fitilun da aka sa wa batir na waɗannan kwalaye, mu karɓo su daga hannun mutane.

Alhaji ya dube ni, ni kuma na dubi roba.

“Kuna ji na?” in ji injiniya.

Na ce, “Muna ji. Ba lamba a jikin batir ɗin kansa?”

“Babu, a kwali take. Ba kwali-kwali kuke aiki ba?”

“A roba muke juyewa.”

“A me?”

“A roba, ta wanki.”

Sai ya juya harshe zuwa Faransanci, ya yi ta zuba, ni dai ban tsinci komai ba sai faɗa. Raina ya ɓaci. Na ce, “Malam, dakata. Sau biyu kana zuwa nan, ka zauna a kujerar can ka sha shayi, robar nan tana gabanka kamar ta tsone maka ido. Ka taɓa buɗe baki ka ce lambar kwali tana da amfani? Mu duba muke yi?” Alhaji yana ta yi mini alama da hannu in yi shiru. Na yi shiru, amma ba don na huce ba. Gaskiyar ita ce na riga na gane abin da ke tafe tun kafin injiniya ya faɗa: tunda an gauraya, duk fitilar da ta fita daga hannunmu a makonnin nan biyar sai ta dawo. Ya ce a ba kowa ƴar takarda, in sabon batir ya iso a canja masa. Motar da ke ɗauke da sabon tana can hayin iyaka tana jiran takardu, ba wanda ya san ranar da za ta ƙetaro.

A ranar muka rufe tebur. Washegari Alhaji ya sa mai shela ya zaga gari, aka kai sanarwa gidan rediyo, mu kuma muka rarrabu shago-shago. Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwa. Na hau benci a bakin rumfar masu kayan wuta da lasifika a hannu, na yi ta kwarara magana har muryata ta dushe. Mutanen ƙauye suka yi ta kawowa, wasu da tsoro, wasu da zagi, wasu sun ce sai mako mai zuwa don sun baro ta a gida, na ce su sa ta a inuwa a kan yashi, kada su kuskura su shanya. Wani mai shayi ya ce shi tasa lafiya lau take, ba mai raba shi da ita, dabara ce kawai muke yi mu kwashe mu sayar wa wasu. Na sauko daga benci, na je har teburinsa na fizge ta daga ƙusar da ya rataye ta. Na ce, “Ka kai ni ƙara duk inda ka ga dama. Gara ka zage ni da ka ƙone rumfar mutane.” Kasuwa ta yi ta dariya, shi yana kumfar baki, ni ko a jikina.

Amma duk wannan jarumtar a kan baƙi na yi ta. Akwai fitila ɗaya da na san inda take, na san hannun da ke riƙe da ita, ban je ba.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce mene ne a ciki, ki je ki ce Inna ba ni, za a canja. Hmm. Kyauta ce fa. A wurinmu abin da ka bayar ya tafi ke nan, yaro ƙarami ma in ya ba ɗan'uwansa abu ya dawo yana nema, sai an yi masa dariya. Balle suruka. Ina ganin yadda za a yi ta maganar a bakin rijiya: matar ɗanta ta kawo mata fitila, an gama sa albarka, ta dawo ta ɗauke abarta. Wasu su ce dama ruɓaɓɓiya ta zaɓo mata, wadda aka ƙi saye. Ko tunanin tsayawa a gabanta in buɗe baki da wannan magana sai in ji gumi ya karyo mini.

Sai na ƙulla dabara. Na ce in sabon batir ya iso, in haɗa wata fitilar iri ɗaya, in je gaisuwa, in faki ido in musanya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Tun ranar farko na kira maigidana, yana can Legas wurin cin rani, na gaya masa, ina fatan ya ce shi zai aika wa uwarsa. Ya ce, “Ni? In kira wayar maƙwabci in ce a gaya wa Inna ta mayar da kyautar matata? Ba da bakina ba. Ki jira sababbin, kwana nawa ne? Kada ki kunyata mu.” Na zage shi a zuci, amma wallahi daɗin maganarsa na ji, don ta yi daidai da abin da nake so. Na riƙa lallashin kaina: kwali uku ne cikin tara, ai marasa lahani sun fi yawa. Na kuma ce labari zai kai Dawce, wataƙila ita da kanta ta aiko da ita, in huta. Kullum da safe sai in tambayi Alhaji labarin mota, ya ce tana nan inda take.

Rana ta huɗu muna atiliye muna jera waɗanda aka dawo da su a inuwa, a kan yashi, nesa da juna yadda injiniya ya ce. Ashe wani ya zo da sassafe bai same mu ba, ya ɗora tasa a kan katangar tsakar gida ya tafi, gilashin yana kallon sama, ba wanda ya lura. Wajen sha ɗaya rana ta take sosai. Sai muka ji wani tsiii, kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi. Na waiga. Farin hayaƙi ne ke fita ta gefen fitilar, da ƙarfi, a miƙe. Kafin wata ta ce innalillahi, fitilar ta yi fat, wuta ta yi tsiri kamar ta mai walda, roba tana narkewa tana ɗiga. Ɗigo ɗaya ya faɗa kan zanan da muka kare banɗaki da shi, nan take ya kama. Muka yi ta ihu muna watsa yashi da hannu, da kwano, da murfin tukunya. Zanan muka kashe da ƙyar. Fitilar kuwa ko da aka turo ta ƙasa aka binne, tana ta tofar da wuta daga cikin yashin, ta yi shiru ta sake. Warin ya kama mana maƙogwaro, kowa tari. Abu ɗan mitsitsi, batir ɗin bai fi babban yatsana ba.

A cikinmu akwai wata dattijuwa da muke kira Yaya, ita kaɗai ke iya gaya mini magana in haɗiye. Ta matso kusa da ni tana goge hannu a zani, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ke, ta Dawce fa? Kin karɓo?”

Na girgiza kai.

Ta ce, “Na sani. Kin iya fizge ta mai shayi. A ina tsohuwar ke shanya ta?”

Na sani sarai, don ranar da na kai mata a gabana aka yi shawarar. A ƙasa awaki za su taka, a kan katanga yara za su ɗauka. A kan jinkar rumbu take ɗora ta. Rumbun da sauran hatsin gidan yake ciki, da irin da za a shuka in ruwa ya sauka, ga ɗakinta na ciyawa bai fi taku biyar daga wurin ba. Kuma Inna in ta yi azahar takan shiga ta ɗan kishingiɗa.

Ban ma tsaya neman izinin Alhaji ba. Na fita da gudu zuwa tasha, mayafi a hannu, na haye babur ɗin ɗan kabu-kabun farko da na gani ba tare da ciniki ba. Mutumin kuma Allah ya haɗa ni da mai lallaɓa babur kamar ya ɗauko ƙwai. Muna barin kwalta muka shiga yashi, ya rage gudu. Na ce, “Malam, don girman Allah ka murɗa!” Ya ce, “Hajiya, in muka faɗi fa?” Na ce, “Mu faɗi! Ni ba Hajiya ba ce, murɗa kawai!” Ya ce shi yana da iyali. Na ce ni ma iyalin nake gudu in tarar.

Idona yana gaba, sama da itatuwa, ina neman hayaƙi. Lokacin sharar gona ne, ko'ina manoma sun tara kara da ƙaya suna ƙonawa. Duk hayaƙin da na hango sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, daga gari ne, sai mun matso in ga mutum tsaye a gonarsa da manjagara. Sau uku ana yi mini haka. Bakina ba abin da yake sai salati, a tsakani kuma ina tsine wa kaina. Kwana uku! Na bar tsohuwa da wannan abu kwana uku don kada a yi da ni a bakin rijiya. Zafin rana yana dukan ƙeyata, ni kuma lissafin da nake yi shi ne wannan zafin yana dukan fitilar tun hantsi.

Da muka shiga Dawce ba hayaƙi, ba ihu, gari shiru sai kukan kurciya. Na diro tun babur bai gama tsayawa ba. Ban yi sallama ba, ban cire takalmi ba, abin da ban taɓa yi ba a gidan nan. Inna tana zaune a rumfa da mata huɗu na maƙwabta, suna ɓarar gyaɗar iri. Na wuce su kamar ban gan su ba. Ga fitilar can a kan jinka, an kife ta, gilashin yana ƙyalli, ciyawar da ke ƙarƙashinta ta bushe ƙayau.

Na waiga na ga wata doguwar gora da ake kaɗo ƴaƴan itace da ita a jingine. Na ɗauka, na kasa saƙala mariƙin fitilar. Na sake, ta zame ta gangaro kaɗan ta maƙale a ciyawa. Wata daga cikin matan ta ce, “Lafiya? Ke, lafiya?” Ban kula ta ba. A karo na uku gorar ta shiga mariƙin, na ɗago ta a hankali, na juya na sauke a tsakiyar fili, nesa da komai. Na taɓa da bayan hannu, zafi rau. Ko zafin rana ne, ko na ciki ne, ban sani ba, har yau kuma ban sani ba. Na durƙusa na yi ta tura yashi da hannu biyu har sai da ta ɓace.

Sai a sannan na ga kaina. Ɗankwali ya zame, takalmi a ƙafa, gwiwa cikin ƙasa, ina haki a tsakar gidan surukata, mata biyar sun saki baki suna kallona. Na gyara ɗaurin, na cire takalmin, na rarrafa zuwa bakin rumfa na sunkuyar da kai. Na gaishe ta. Na ce, “Inna, ki gafarce ni. Fitilun nan an samu masu lahani a ciki, suna kamawa da wuta. Yau na ga ɗaya da idona. Zan tafi da wannan, in an gyara in kawo wata.”

Na jira abin da na kwana uku ina tsoro, a ce ai dama, ko wata ta yi tsaki. Ba wadda ta yi.

Inna ta ce, “Ai mun ji, ƴar nan. Tun shekaranjiya aka faɗa a rediyo, jiya kuma waɗanda suka ci kasuwa suka ce sun gan ki a kan benci kina ta faɗa.” Ta nuna matar da ke gefenta da haɓa. “Wannan har cewa ta yi in sauke ta in jefa a masai. Na ce a'a. Na ce musu matar ɗana ce ke haɗa su da hannunta, da tawa tana cikin masu cutar, da ta riga rediyo isowa. Tunda ba ta zo ba, tawa lafiyayya ce. Jiya ma a ɗakin mai jegon gidan can ta kwana, ni na aika musu, don jaririn yana ta kuka ba su da haske.”

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne da na ji sauƙi. Yadda take ba da labarin komai haka ta faɗe shi, gyaɗa a hannunta.

Ta kalli tudun yashin da na tara a tsakar gida. Ta ce, “Ashe tawa ma tana ciki?”

Na ce, “Ban sani ba, Inna. An gauraya su, ba a iya ganewa.”

“Tun yaushe ba ki sani ba?”

Ƙarya ta zo mini har baki, in ce yau na ji. Amma ga matan da aka ba labarina a kan benci suna zaune. Na ce, “Yau kwana uku.”

Na ɗago ido, karo na farko a shekara goma sha huɗu, na kalli fuskarta. Ba fushi a ciki. Leɓenta ne kawai ke motsi kaɗan, na gane kwanakin take ƙirgawa, tana tuna inda fitilar ta kwana a kowanne. Da ta gama ta sunkuya ta ɗebi gyaɗa a ƙwarya.

Ta ce, “Ku ba ta ruwa, ta sha rana.”

Aka kawo mini a kwanon sha. Na riƙe shi da hannu biyu, na kasa kai shi baki, su kuma suka ci gaba da ɓara.